Surukata da Hayaƙin Murhu

Jiya na wuce mai tsire a unguwar Mansur, nan Makka, hayaƙinsa ya shige min ido, sai ga surukata tsaye a raina, Allah ya jiƙanta.

Gas ne a kowane gida a Makka, amma ita naman layya ba ya soyuwa sai da itace, a saman soro. Sallata ta farko a gidansu na ce a bar min aikin, don in nuna na iya. Na danna itace a murhu har ba masaka tsinke. Wuta ta ƙi, hayaƙi ya turnuƙe, maƙwabcinmu ya leƙo ta taga yana ihu: "Ya jama'a, gobara ce? In kira 'yan kwana-kwana?" Ga dangin miji cike da falo suna jira. Na rasa ko hawayena na hayaƙi ne ko na kunya.

Sai na ji takunta a matakala, tana hawa tana hutawa saboda ciwon gwiwa. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa, ta zare itace uku, ta shinshina ɗaya ta ce ɗanye ne, ta jefar. Ta hura sau biyu, wuta ta tashi.

"'Yata, shaƙe ta kika yi," in ji ta. "Shuwayya-shuwayya, kaɗan-kaɗan ake sawa. Ki bar mata wurin numfashi."

Da muka sauka ta ce wa baƙi itacen ne bai bushe ba. Har ta rasu ba ta tona ni ba.

Ya Allah, ka yalwata mata kabarinta, ka rufa mata asiri kamar yadda ta rufa min.