Tsagaggen Yatsan Babana

Babana yana da tsaga a babban yatsansa na dama, kuma ni ne sanadi. Ina ɗan shekara huɗu ko biyar, ana yankan harawa a gona, na sheƙo a guje zan faɗa kan lauje, sai ya cafke kaifin da hannu. Ni ban tuna ranar ba, Inna ce take tuna mini duk sanda na yi masa gardama. Ciwon ya warke ya bar kwari a karkace, daga saman yatsan har gindinsa. In ya dangwala a takarda, zanen gida biyu yake fitowa, babba da ƙarami, da farin layi a tsakani. Na san zanen nan kamar yadda na san fuskarsa, don tun da na zama malamin firamare ni nake raka shi duk inda ake neman dangwale.

A wajenmu gona ba ta da faɗi. In ka tsaya a kan iyakarka sai ka gaisa da maƙwabta uku ba ka ɗaga murya ba. Da aka raba gadon kakanmu, abin da ya faɗo wa Baba bai fi ya ciyar da gida wata huɗu ba. Abin da ya riƙe mu shi ne wata gonar aro da wani Alhaji mai sayen hatsi a garinmu ya ba shi tun ina ƙarami. Babu takarda a tsakaninsu, sai mutunci. A shekarun nan da buhun taki ya gagari talaka, albashina kuma ya zama ba ya ganin tsakiyar wata, wannan gonar ce ta hana tukunyar Inna yin sanyi. Duk rani Baba yakan yi ta jigilar takin gida a mangala, shi da jakinsa, yana zuba mata tsibi-tsibi kamar tasa ta gado.

Alhajin nan shi ne jagoran jam'iyyar sanata mai ci a mazaɓarmu. A shekarar da nake magana, an yi zaɓe aka ce na sanata bai kammala ba. Tazarar da ke tsakanin mai ci da mai neman kayar da shi ta yi ƙanƙanta, ga shi an soke ƙuri'un wasu rumfuna, har da tamu, don haka aka sa rana a sake. Garinmu da ko mai gyaran famfo sai an yi masa aike uku yake zuwa, sai ga manyan motoci suna rige-rigen shiga lungunanmu. Tsofaffin da ba a taɓa tambayar lafiyarsu ba suka zama iyayen kowa. Na ji haushin abin, amma na karɓi aikin mataimakin jami'in zaɓe, don ni ma ba wai na ƙoshi ba ne.

Ana saura kwana biyu Alhaji ya zagaya gida-gida. Da ya zo zaurenmu bai ma zauna ba. Ya dafa kafaɗar Baba a gaban mutane yana dariya, ya ce, "Malam ai ba sai an ɓata baki ba. Wannan ƙuri'ar tana aljihuna tun bara."

Kowa ya yi dariya, har Baba. Amma bayan sun fita na ga ya daɗe yana kallon ƙasa, yana murza yatsan nan da ɗan'uwansa, abin da yake yi ke nan in magana ta tsaya masa a rai.

A makarantarmu aka yi zaɓen, a ƙarƙashin darbejiya. Jami'ar rumfar wata budurwa ce mai bautar ƙasa daga kudu, wadda Hausarta ba ta wuce "ina kwana" da "na gode" ba, don haka ni ne tafinta. Alhaji da kansa ya tsaya wakilin jam'iyyarsa. Wakilin ɗaya ɓangaren kuwa wani tela ne siriri daga ƙauyen gaba da mu, mai taurin kai kamar me. Baba ya zo da hantsi. A lokacin yanar ido ta fara rufe masa ido ɗaya, na ce a bar wani ya taimaka masa, ya ce shi bai makance ba tukuna. Ya shiga bayan labule shi kaɗai, ya fito ya jefa takardarsa, ya koma inuwa ya shimfiɗa buzunsa cikin masu jiran sakamako.

Bayan azahar aka juye akwati. Ni nake ɗaga kowace takarda sama, jama'a suna ƙirgawa da baki ɗaya. Waɗanda aka yi gardama a kansu aka ware su gefe. Da aka gama, sai ga ɓangarorin biyu kusan kai da kai. Wayoyi suka fara kuka, ana cewa daga sauran rumfuna ma haka abin yake, ƙuri'a ɗaya ba abin yarwa ba ce. Tela ya ce shi bai yarda ba, a sake ƙirga, kuma a duba waɗanda aka ware ɗaya bayan ɗaya. Jami'ar ta buɗe littafinta ta ce yana da wannan damar sau ɗaya. Muka sake daga farko, rana tana gasa mana ƙeya.

Lalatattun ƙuri'un nan da aka ware sun ba mu dariya da farko. Wani bawan Allah ya dangwala wa kowace jam'iyya, mutane suka ce wannan ba ya son ɓata wa kowa. Wata kuma an ninke ta tawada ba ta bushe ba, ta shafi ko'ina. Ina cikin murmushi na ɗauko ta gaba, sai na ga zanen da na sani. A ƙirgan farko mai bautar ƙasar ce ta ware ta kafin ta iso hannuna, ban lura ba. Zane gida biyu ne, babba da ƙarami, da farin layi a karkace. Babban yana zaune daram a gidan jam'iyyar tela. Ƙaramin ya zame ya tsallaka layi ya taɓa gidan wata ƙaramar jam'iyya da ke ƙasa.

Baba bai zaɓi mutumin Alhaji ba.

Alhaji ya dubi takardar, ya sake dubanta, sannan ya ce da ƙarfi, "Dangwale biyu ne a gida biyu. Ta lalace, a wuce."

Tela ya ce, "Haba Alhaji, yatsa ɗaya ne. Dubi yadda zanen ya ci gaba ta ɗaya gefen. Wani abu ne ya raba shi."

"Wane irin yatsa ne yake rabewa biyu? Ka taɓa gani?"

Jami'ar ta juya takardar ta ko'ina. Ta ce in yatsa ɗaya ne, nufin mai zaɓe a fili yake, za ta ƙirga. In biyu ne, ta lalace. Sai ta dube ni ta tambaye ni da Turanci, tunda ni ɗan garin ne, ko na san wani mai irin wannan yatsa. Tela ya ce in fassara wa jama'a tambayar, na fassara.

Ba ƙuri'ar nake gani ba a lokacin. Tsibin takin nan nake gani da Baba ya gama zubawa a gonar Alhaji, da rumbunmu, da Inna. In na ce na sani, na tona asirin mahaifina a gaban gari duka, kuma saura kaɗan damina ta faɗi. Na ce da Turanci ban sani ba, na maimaita da Hausa don kowa ya ji.

Na ɗaga hannu zan mayar da ita cikin lalatattu ke nan, sai na ga mutane suna darewa. Baba ne ya taso, buzunsa a hammata, yana tafiyar nan tasa ta wanda ba ya sauri don kowa.

Alhaji ya tare shi da murya ƙasa-ƙasa. "Malam, koma ka zauna. Rana ta yi maka yawa."

Baba ya ce, "Na gode, Alhaji." Ya wuce shi ya tsaya gaban tebur, ya dube ni. "Gaya wa yarinyar nan ta ba ni tawada da farar takarda."

Na ce, "Baba, don Allah."

"Kai dai fassara. Ba aikinka ke nan ba?"

Na fassara. Ya danna yatsansa a tawada, ya ɗora a kan takardar ya ɗaga. Jami'ar ta jera su biyu ta nuna wa wakilai. Babu wanda ya yi tafi, ko telan ma sunkuyar da kai ya yi. Ta ɗauki ƙuri'ar ta ɗora a kan tulin jam'iyyar tela, muka ci gaba da aiki har muka cike takardar sakamako.

Gab da magariba muka kama hanyar gida, shi a gaba, ni a baya. Raina a ɓace yake, kunya kuma ta fi ɓacin ran yawa. Da muka zo daidai gonar aron ya tsaya yana duban tsibin takinsa.

Na ce, "Baba, saboda ƙuri'a ɗaya? Mutumin nan da ka zaɓa ko sunanka bai sani ba."

Ya ce, "Bai sani ba kam. Ni ma ban ce ya fi wancan ba. Gonar ce ta aro, yatsan nawa ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Na ji ka ce ba ka san shi ba."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce gonar nake jiye mana.

"Na sani. Da ka yi shiru ma da ban taso ba. Amma ba zan zauna ina kallo ɗana malamin makaranta ya fara ƙarya a gaban ɗalibansa saboda tuwona ba."

Bayan kwana uku Alhaji ya zo zaure shi kaɗai, wannan karon ya zauna. Ina kawo masa ruwa na ji yana cewa, "Malam, ka zaci ban gane yatsanka ba? Shekara nawa ina ganinsa a takardar rabon taki. Da na ce ta lalace, asiri nake rufa mana ni da kai. Yanzu mutanena sun sa ni a gaba, suna cewa wanda nake ciyarwa ne ya kunyata ni." Ya ce tunda Baba ya riga ya zuba taki, ya noma ta bana ya ci wahalarsa, amma bayan kaka zai karɓa. Baba ya ce hakan ma an yi masa adalci. Suka yi addu'a suka shafa, ya raka shi har bakin hanya. Har yau ban iya jin haushin Alhajin nan yadda na so in ji ba.

Rigimar zaɓen ta koma kotu ta daɗe a can, kuma ban taɓa jin Baba ya tambayi wanda ya yi nasara ba. Gonar dai ta tafi bayan kaka. Shekarar da ta biyo baya mun sha wuya, akwai watannin da sau ɗaya ake ɗora tukunya, Baba da tsufansa ya yi ƙwadago a gonakin yaran da aka haifa a gabansa. Ko sau ɗaya bai ce da na sani ba.

Farar takardar nan da ya dangwala, mai bautar ƙasar ta miƙo mini ita ranar da muke tattara kaya, ta ce ba ta cikin kayan hukuma. Tana nan cikin jakar da nake ajiye takardun makarantata. Bayan rasuwarsa babbar 'yata ta ci karo da ita tana neman wani abu, ta ɗago ta tana dariya, ta ce wannan kuma yatsan wane ne haka a rabe.

Na ce na babana ne, na san shi.