Dokar Burtali a Tsakar Gidanmu

Shekarar da aka zaɓi maigidana ɗan majalisa, tukunyata ta daina hutawa. A da malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Konni, babu mai zuwa gidanmu sai iyayen yara. Da ya zama depite kuwa, ko yana Yamai zaurenmu a cike yake.

Wata kaka ya zo hutu, ya faɗa wa abokansa cewa majalisa za ta duba dokar gonaki da burtali, hanyar da dabbobi ke bi. Washegari manoman garin Dogarawa suka sauko daga mota da buhun albasa. Suna so a hana shanu shiga gonaki sai an kwashe komai, har kara. Kafin la'asar ardon Fulanin wajen Tajaye ya iso yana jan rago. Shi kukansa an nome burtali, shanu sun rasa hanyar rijiya.

Maigida ya ce ba ya karɓar komai. Babu wanda ya yarda ya koma da kayansa, sai aka ɗaure ragon a tsakar gida kusa da buhun. Kafin mu ankara ya huda buhu yana cin albasa, yara na ta dariya.

Da yamma shugaban jam'iyyarmu na gari ya leƙo, ya ja maigida gefe ya tuna masa cewa manoma sun fi ƙuri'a. Fataken da ke kai shanu Najeriya su ma suka aiko da nasu saƙon. Daren nan maigida ko tuwo bai taɓa ba.

Mahaifiyarsa tana zaune da mu, sana'arta fura. Da safe ta kira shi ɗakinta, ina shara a bakin ƙofa.

"In ka hana shanu, ina zan samu nono?" in ji ta. "In sun cinye gero, da mi zan yi hura?"

"Inna, doka ba haka ake yin ta ba."

"To, haɗa su akushi guda ka ji yadda ake yin ta."

Ni aka bar wa aikin. Na tuƙa tuwo, manoma da ardo suka zauna tabarma ɗaya. Sun yi musu har na ɗauka za a tashi, amma miya ta yi daɗi, babu wanda ya tashi. Suka tsaya a kan cewa kowace shekara maigari da ardo su sa ranar sakin dabbobi tare, a kuma shata burtali.

Maigida ya koma Yamai da wannan shawara. Ranar muhawara muka kewaye rediyo. Maigida ya yi magana da Faransanci, ina fassara wa Inna da ɗan abin da na tsinta a lakwal.

"Bai ambaci hura ba?" ta tambaya.

Na ce bai ambata ba. Ta ce ba komai, ya dai ji.

Da ya dawo ya ce shawarar ta bi hannun komisyon, wato kwamitin majalisa, da mutanen minista, da depitocin arewa masu tunanin raƙuma. Jimla ɗaya ta tsira, wadda ta ce a riƙa tuntuɓar shugabannin gargajiya. Ransa bai yi daɗi ba. Manoma kuwa suka ce su suka yi nasara, ardo ma ya ce shi ne. Inna ta riƙa gaya wa masu sayen fura cewa tana da doka a Yamai.

Bai gama hutawa ba aka ji majalisa za ta taɓa maganar babura. Asubar fari na leƙa waje, na ga 'yan kabu-kabu sun jera mashinansu tun daga ƙofarmu har bakin masallaci.