Tiyon Da Na Ɗaure Da Roba

A shekarar da aka cire tallafin man fetur, ina aiki a wani wurin ɗura gas na girki kusa da Ƙofar Marke. Ni ke cika wa mutane tukwanensu. Jikin katangarmu akwai shagon wani tela, abokin hirata, wanda kullum yake tsokanata da cewa warin gas ya kama ni har matata ta daina sayen turare.

Babban tiyon da nake aiki da shi ya tsage a wuya. Na shafa ruwan sabulu, na ga kumfa na tashi. Na gaya wa maigidana, ya ce in yi haƙuri zuwa bayan salla. Sai na yanko robar taya na ɗaure wurin.

Ana haka aka turo wani injiniya ya duba duk inda haɗari zai iya fitowa. Ya auna tazarar tanki da titi, ya jijjiga abin kashe gobara. Sannan ya tsaya gabana da takarda a hannu, maigida na bayansa.

"Baba, yaya aiki?"

"Lahiya lau."

"Yaya gajiya?"

"Babu gajiya."

"Tiyon wanga fa?"

"Lahiya lau," na ce.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa bakina ne ya zarce, na ɗauka gaisuwa ce ba ta ƙare ba. Amma na san ƙafata na kan robar, na rufe ta da takalmi. Mu an raine mu a kan ba a kai ƙarar gida gaban baƙo, kuma ina da bakuna shida da nake ciyarwa. Injiniya ya ja biro, ya miƙo takardar na dangwala yatsa. Lokacin ban fara zuwa ajin manya na koyon karatu ba, ban san me na sa wa hannu ba.

Bayan kwana tara, ana shirin azahar, robar ta saki. Tela kuwa ya fito yana tayar da janaretonsa a gindin katanga. Nan take gas ya kama da wuta. Ni ina bakin famfo ina alwala, ko gashina bai ƙone ba.

Rumfarmu ta tafi, da tukwanen mutane goma sha ɗaya. Shagon tela ya tafi, da kekunan ɗinki biyu, da kayan sallar gida ashirin, da yatsu uku na hannunsa na dama.