Likkafanin Hajiya Kulu

Ranar wata Laraba ce, saura kwana tara a hau Arfa, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, na fara hango littafin nan mai jan bango yana leƙowa daga cikin buhun wata alhajiya. An zazzage kayan ne a tsakiyar falonmu da ke unguwar Tandabawi a Makka, ga kuka, ga daddawa, ga busasshiyar kuɓewa a ƙulle cikin leda, sai ga shi can ƙasa a lanƙwashe. Zanen wata mace ne a jikinsa, tana tsaye a bakin rijiya ta juya baya, amma inuwarta da ke ƙasa ni take kallo. Na daɗe a tsugune ban taɓa shi ba. Mai kayan ta yi dariya, ta zaro shi tare da wasu guda biyu irinsa, ta ce ta gama da su tun a jirgi, in kai wa wanda ya iya karatun boko a gidan.

A gidanmu mutum ɗaya ce ta iya, wato Yaya Ramla, wadda ta yi shekara biyu a Kano wajen kakarmu. Ni Larabci nake karantawa a makaranta, Hausata kuwa ta kicin ce, rabi da rabi, har alhazai kan yi mini dariya. A zamanin nan, da zarar lokacin Hajji ya zo, sai mu kwashe katifunmu da tukwanenmu mu koma saman bene, mu bar wa baƙi ɗakunan da na'urar sanyaya ɗaki. Abba yakan kafa mana rumfa da katako da tamfol kusa da tankin ruwa, sannan ya tafi tuƙa motar alhazai tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa, sai mu yi kwanaki ba mu sa shi a ido ba. Aikina shi ne sayo gurasar tamis da safe, da wanke kofunan shayi, da hawa da sauka ina kai wa baƙi ruwan zafi. Idan rana ta take, aka yi sallar Azahar, kowa ya kwanta, sai ni da Yaya Ramla mu raɓe a inuwar tanki, ta buɗe littafi, ta rage murya.

Ba mu taɓa damuwa da sunan marubucin ba, Mai Jan Bango muke ce masa. Na farko da muka karanta shi ne na amaryar da mijinta ya yi tafiya, kullum da tsakar rana sai ta ji muryarsa daga cikin rijiya yana kiran sunan da shi kaɗai yake kiranta da shi. Na biyu na wani tela ne da wata mata mai lulluɓi ke kawo wa ɗinki duk ranar Alhamis, sai daga baya ya gane awon da take ba shi na yarinyar da yake so ne, kuma kowane mako awon yana ƙara ramewa. Abin da ya kama mu shi ne mutumin nan ba ya kai ka daji ko kango. A tsakar gida yake tsorata ka, da rana tsaka, wajen turmi da igiyar shanya, da abubuwan da kake taɓawa kullum. Ni kuma da nake da zuciyar soyayya tun ina ƙarama, abin da ya fi tafiya da ni shi ne duk wata fatalwa a littafinsa so ne ya hana ta kwanciya. Sai in ji tsigar jikina ta tashi, ga hawaye yana zuba, ban san wanne ya fi wani ƙarfi ba. Yaya Ramla takan ce, “Daɗinsa shi ne ki ji tsoro har ki ƙoshi, sannan ki rufe bango ki ga Ummi tana tankaɗen gari.”

Na ukun muka ajiye wa ranar Arfa. Wanda bai taɓa zama a Makka ran nan ba ba zai san irin shirun da take yi ba. Garin da jiya ba ka samun wurin ajiye ƙafa sai ya wayi gari fayau, shaguna a rufe, ɗakunanmu na ƙasa babu kowa sai takalma da warin man zafi, kyanwa ma idan ta taka kwali sai ka ji. A cikin wannan shirun Yaya Ramla ta karanta mini labarin baƙon da ya sauka a wani gida, ya shanya farin ƙyalle a igiya, ya fita bai dawo ba. Duk wanda iska ta kaɗa ƙyallen ya taɓa shi, ba ya ganin Juma'a uku. Ya taɓa mai gidan, ya tafi. Ya taɓa ƙanensa, ya tafi. A shafin ƙarshe 'yar mai gidan ta fito daga ɗaki ta ga ƙyallen ya sauka a fuskar mahaifiyarta tana barci. Yaya Ramla ta juya shafi, sai muka ga tallar wasu littattafai. Ashe kashi na ɗaya ne kawai. Yaran Kano za su iya zuwa kasuwa washegari su nemo na biyu, mu kuwa sai dai mu jira baɗi, idan Allah ya sa wata alhajiya ta sako shi cikin kuka da daddawa. Haka aka bar ni da ƙyallen nan a fuskar matar, babu mai ɗauke shi.

A cikin baƙinmu na shekarar akwai wata tsohuwa, Hajiya Kulu, daga wani ƙauye a bayan Katsina. 'Yar ƙarama ce, haƙoranta jawur da goro, ga barkwanci. Ita ce ke kirana “Balarabiyar ƙarya”, idan na kawo mata shayi na ce tafaddali, wato bismillah da Larabci, sai ta ce, “Ke ƙawata, yi mini magana da bakin uwarki.” Bayan an dawo daga Mina, ana saura kwana ɗaya su tashi, na gan ta ta hawo saman bene da bokiti, tana nishi. Ta zaro wani dogon farin ƙyalle sharkaf da ruwa, ta shanya shi a igiyarmu, ta shafa shi da tafin hannu, ta sauka. Na sha ganin alhazai suna jiƙa yadi a ruwan Zamzam su shanya, na kuma san likkafaninsu ne za su koma da shi gida, amma ban taɓa ganin an shanya shi kusa da makwancinmu ba, kuma a lokacin ban riga na san Mai Jan Bango ba.

Ummi tana da tsohon ciki a shekarar, bayan ta yi ɓari sau biyu a jere, na biyun har sai da aka kwantar da ita a asibiti. Ran nan ta idar da Azahar ta kishingiɗa a bakin rumfa, barci ya ɗauke ta. Yaya Ramla ta sauka wanke-wanke. Ni kaɗai na rage ina kallon ƙyallen. Da farko a tsaye yake cik. Can sai iska mai zafi ta taso daga wajen duwatsu, ya kumbura kamar mutum ya shiga cikinsa, ya lafa, ya sake kumbura, kowane karo yana ƙara matsowa. Na karanta duk addu'ar da na haddace. Sai gefensa ya saɓule daga igiya, ya zo a hankali ya kwanta a fuskar Ummi, har na ga shatin hancinta a jiki, yana ɗagawa yana sauka da numfashinta.

Ban san lokacin da na fizge shi ba. Na dunƙule shi na cusa a baƙar leda, na sauka da gudu ba takalmi, ƙasa tana ƙona mini ƙafa, na gangara har ƙarshen lungu inda babban kwandon shara yake, na jefa shi ciki, na danna kwalaye a kai. Na dawo na wanke hannuna sau bakwai, na zauna kusa da Ummi ina ƙirga numfashinta.

Da La'asar Hajiya Kulu ta hawo ɗaukar kayanta. Aka duba bayan tanki, aka leƙa benen maƙwabta, aka tambayi alhazai ɗaki ɗaki. Ummi ta ce ta kwantar da hankalinta, za a sayo mata sabon yadi mai kyau a jiƙa mata kafin mota ta zo. Tsohuwar ta zauna a kan bokitin da ta kifa, ta girgiza kai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce audugar daga gonar mijinta take, ita ta kaɗa zaren da hannunta damina uku, aka saƙa musu ƙyalle ɗaya suka raba biyu. Da rabin aka rufe Malam shekara tara da suka wuce, wannan shi ne nata. “Na ce masa zan same shi da irin kayansa, don ya gane ni,” in ji ta, sai ta sa gefen mayafi ta rufe ido. Duk littattafan da aka karanta mini babu wanda ya taɓa ni kamar wannan maganar. Na durƙusa a gabanta, da Hausata mai karyewa, na faɗi komai, har da baƙon da igiyar da Juma'a uku.

Muka ruga da Yaya Ramla zuwa ƙarshen lungu, muka tarar motar shara ta riga ta zo, kwandon wayam. Ummi ta ɗaga hannu za ta mare ni, Hajiya Kulu ta riƙe hannun. Ta dube ni ta ce, “To a ƙarshen labarin me ya sami uwar?” Na ce ban sani ba, na biyun bai zo ba. Ta ce, “Uwarki kika tsare, ƙawata. Je ki.” Washegari da hantsi motarsu ta tashi zuwa Jidda. Ta ɗaga mini hannu ta taga, jakarta a kan cinya.

Bayan kwana biyu sai ga Mama Zara, maƙwabciyarmu 'yar Chadi mai tsintar kwalaye tana sayarwa, ta shigo da baƙar leda. Ta ce ta tsince shi a ƙarƙashin kwalaye kafin motar shara ta zo, ta ga saƙar hannu ce, ta san ba abin yarwa ba ne, sai yanzu ta ji ana cigiya. Ganyen shayi ya ɓata gefe ɗaya. Ni Ummi ta sa na wanke shi, na je Harami na ɗebo Zamzam a jarka na sake jiƙa shi, na shanya, na tsaya ina riƙe da gefensa har ya bushe. Tabon bai fita ba. Ƙauyen Hajiya Kulu babu waya, ba mu kuma san wanda za mu ba ba, don haka Ummi ta naɗe shi ta ce a ƙarƙashin katifata zai zauna sai baɗi.

Shekarar nan ban taɓa yin irinta ba. Makonnin farko a takure nake kwanciya a gefen katifa, ina ƙirga Juma'o'i. Ta uku ta wuce, Ummi ta haifi ƙanena lafiya. Daga nan sai tsoron ya juya. Duk lokacin da muka je Harami na ji an yi kiran sallar gawa, sai in ce yanzu haka can ma an ɗauki Hajiya Kulu a cikin yadin kasuwa, ta je Malam bai gane ta ba, kuma ni na jawo. Nakan sa hannu ƙarƙashin katifa in taɓa ƙyallen da na taɓa gudu, in roƙi Allah ya ja kwananta har ya isa gare ta. A shekarar ce kuma na matsa wa Yaya Ramla ta koya mini karatun boko, da littattafan nan uku, har bangonsu ya rabu.

Da Hajji ya zagayo, na riƙa tsayawa a bakin ƙofa ina tambayar duk wanda ya sauko daga mota ko daga ina yake. A rana ta huɗu wata mata ta tambayi gidan da “Balarabiyar ƙarya” take. Kafin in tambaye ta, sai ta ce Hajiya Kulu tana nan da ranta, tana gaishe ni, ta kuma ba ta saƙo. Ta zaro wani abu a ƙulle cikin ɗankwali. Jan bango ne, kashi na biyu. Tsohuwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba, wadda ta tafi tana ganin na raba ta da likkafaninta har abada, ita ce ta sa aka bi kasuwar Katsina aka nemo shi, ta ce a gaya mini in karanta ƙarshen in huta. Na shiga na ɗauko nawa ƙunshin daga ƙarƙashin katifa na miƙa wa matar, muka tsaya muna kuka a bakin ƙofa. Ran nan da kaina na karanta, a inuwar tanki. Uwar ba ta mutu ba.

Yanzu alhazai a otal suke sauka, babu mai hawa saman bene don baƙo, kuma 'ya'yana a waya suke karanta labaran tsoro, kashi goma a zama ɗaya, ba su san jiran shekara ba. Bayan na yi aure na koma unguwar Utaibiyya, matar nan ta sake zuwa Umara ta neme ni. Ta ce Hajiya Kulu ta ƙara shekara shida a duniya, kuma ita kanta tana cikin waɗanda suka yi wa gawar wanka. Da aka warware ƙyallen wata ta ga tabon ta ce a yanke gefen, sai 'yar marigayiyar ta hana, ta ce tsohuwa ta bar wasiyya kada a taɓa shi, wai shaidar ƙawarta ce ta Makka. Da shi aka rufe ta, kusa da Malam. Har yau idan na ga farin ƙyalle a igiya sai na tsaya na ga ya bushe.