Ruwan da Baba Ke Ba Motata

Bayan rasuwar mahaifiyarmu, Yaya ya tara mu a gidansa a Gure ya ce Baba zai dawo gari. Har ya share masa ɗaki, ya sa panka. Baba kuwa yana can kwarinsa a bayan Gidigir, cikin dabinon da ya dasa tun ba a haife mu ba, ya ce shi ba inda za shi. Ban ce Yaya ba shi da hujja ba. Baba tsoho ne mai hawan jini, sai an kai masa magani an auna shi, kuma tsakanin gudro, wato titin kwalta, da kwarin akwai tudun rairayin da sai raƙumi ko babbar mota ke hawa.

Na ce ni zan riƙa zuwa duk Asabar, tunda ba na koyarwa ranar. Yaya ya leƙa waje ya dubi motata, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Da wannan kwalin ashanar? To, na ji. Amma Asabar ɗin da ka kasa isa, Lahadi zan ɗauko shi, ko yana so ko ba ya so."

Na ce na yarda. Raina a ɓace na faɗa, don na san ko rabin tudun ba ta kaiwa.

Washegari na kai ta garajin wani tsohon makanisiye da muke kira Shef. Na ce masa ƙarfi nake so. Ya zagaya ta sau biyu yana tsaki, sannan ya ce za a iya: a aske kan injin, a sa mata karbirate na motar da ta fi ta, a buɗe bututun hayaƙi, a ɗaga ta, a sa tayoyi masu faɗi.

"Amma Malam, ka ji da kyau. Injin nan in ka bar shi yadda aka yi shi, zai kai ka shekara goma. In na taɓa shi, uku ma sai da addu'a. Zafi zai cinye shi."

"Shef, wa ya ce maka shekara goma nake nema? Asabar nake nema."

Ya ce taurin kaina ya fi na injin, ya ɗauko kayan aiki.

Kai, ranar da ta fara hawa tudun nan! Na fita da sanyin safiya tun rairayi bai saki jiki ba, na rage iskar tayoyi, na ja baya sosai, na sa bitas, wato giya, ta biyu na taka har ƙasa. Ta yi wani irin ihu, awaki suka watse, allurar zafi ta tafi ja, amma ta hau. Da na gangara cikin kwarin, Baba na tsaye bakin rijiya da sandarsa. Bai tambaye ni gajiya ba. Ya dafa gaban motar, ya janye hannu da sauri, ya ce, "Wannan ta sha wuya. A ba ta ruwa."

A wurin su Baba, baƙo ba ya shayar da abin hawansa da kansa. Mai gida ne ke yi, ko doki ne ko raƙumi, kuma hana shi cin fuska ne. Ita ko motar kullum sai ta tafasa a kan tudu, ruwan radiyate mai sanyaya injin ya ragu. Na nuna masa murfin, na ce sai ta huce. Daga ranar ya zama aikinsa. Ina auna shi, in jera masa ƙwayoyin mako, mu ci rogo, in ɗan kishingiɗa a inuwa, shi kuma ya ɗauki bokiti ya tafi wurin baƙuwarsa. Yana zubawa yana yi mata magana. Wallahi daɗi nake ji in na gan shi.

Shekara ɗaya da rabi ban fasa Asabar ko ɗaya ba. A gari an mai da ni abin nishaɗi. In na wuce majalisa sai a ce ga jirgin sama ya taso. Yaya kuwa duk Lahadi sai ya kira: "Ta kai?" In ce ta kai, ta dawo, tana gaishe ka.

Wata Asabar a hanyar dawowa, ina kan gudro lafiya lau, sai farin hayaƙi ya turnuƙe ni, injin ya yi tari ya mutu. Wata motar kaya ce ta ja ni zuwa garaji. Litinin Shef ya buɗe kan injin, ya kira ni gefe. Duk hanyoyin ruwan sun toshe da wani farin abu kamar busasshen gishiri, ƙarfen ya zagwanye. Ya kankaro kaɗan da farce ya ɗora a harshe, ya tofar.

"Malam, kanwa ce. Wa ke ba motar nan ruwan kanwa?"

Nan take na gane. Rijiya biyu ce a kwarin Baba. Ta bakin tudu ita ake sha. Ta tsakiya mai kanwa ce, ita makiyaya ke kawo raƙuma su sha don su yi ƙarfi su yi ƙiba. Ni ina kwance a inuwa ina zaton na sha yake ɗebowa, ashe tsoho wuce ta yake yi, ya taka har tsakiyar kwari da bokitinsa, ya zaɓo wa motata ruwan da ya fi daraja a wurinsa.

Muna tsaye sai ga Yaya, labari ya kai masa. Ya dubi injin a warwatse a ƙasa, ya dube ni.

"Ba na faɗa ba? Ka matsa wa ƙaramar mota aikin da ba nata ba, ka kashe ta. Girman kai ne kawai."

Maganar kanwar na bakina, na haɗiye ta. Na san Yaya. In ya ji Baba na zuba wa mota ruwan raƙuma, zai ce ruɗewar tsufa ce ta zo, ba zai ma jira Lahadi ba. Na ce, "E, Yaya, ni na kashe ta. Ni kuma zan tashe ta. Yau Litinin ce, Asabar da saura." Shef ya sa ƙafa ya ture farin garin ƙarƙashin benci. Allah ya saka wa tsohon nan.

Juma'a da la'asar motar ta tashi. Shef ya ce an sake aske kan, ba sauran abin askewa, kuma kada in tambaye shi kwana nawa za ta yi.

Na kasa hana Baba zuba mata ruwansa. Me ya rage masa da zai ba ni? Sai na sayi bido biyu, jarkokin roba, ina cika su da ruwan pampo. Ya zuba nasa, in yi godiya, in haye tudu, in tsaya a bayansa inda Baba ba ya hangowa, in jira ta huce, in kwance ƙasan radiyate in zubar, in ɗauraye, in cika da nawa. Sau nawa na ƙona yatsu, oho. Haka muka yi wata huɗu.

Wata Asabar na kishingiɗa, na ga bai tashi ba. Bokitin na kife.

"Baba, yau ba za a ba baƙuwa ruwa ba?"

"Makiyaya sun ce akwai wani wuri a bayan tudu da ƙasa ta yi fari, da sawun taya." Ya murza ƙwallon dabino a hannunsa. "Ruwana ne ya kwantar da ita kwanaki?"

Ban taɓa yi masa ƙarya ido da ido ba. Na ce shi ne.

"Yayanka ya sani?"

"Bai sani ba, ba kuma zai sani ba."

Ya daɗe yana kallon motar. Kunya ce a fuskarsa, kuma na tsani ganinta, na tsani kaina da na bari makiyaya suka riga ni.

"Hawa nawa ya rage mata?"

"Ban sani ba, Baba."

"To, ranar da ta ƙi, kada ka wahalar da kanka. Ka bar shi ya zo ya ɗauke ni."

Nan ne raina ya tashi, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Ba wanda zai ɗauke ka! Cewa aka yi in iso, ba a ce da me ba. In ta mutu a gudro, in bar ta nan in tako da ƙafa. Ka ji ni?"

Ya ce ya ji, in rage murya, maƙwabta na saurare. Can ya miƙa hannu ya jawo bokitin.

"Kawo bidon naka," ya ce. "Ko na pampon ne, ni zan zuba."