Tafintar Ɗan Fashi

Ranar Asabar ta biyu bayan Sallar Layya, shekarar da nake aji shida, aka kawo wuta da hantsi. Ina tsugune bakin rijiya ina fama da tukunyar da aka soya sauran nama, sai na ji fankar ɗakin Yaya Nura ta fara kukanta. Na bar tukunyar da kumfa a jikinta na ruga. Kafin in isa har ya haɗa gem da talabijin, ƙannena biyu sun kama wuri a ƙasa. Ba mu jima ba inuwa ta rufe ƙofa. Kakanmu ne, Malam Babba, da buzunsa a hammata. Ya shimfiɗa a gefe ya zauna, ya ƙura wa talabijin ido, inda wani ƙato mai sarƙa a wuya yake wa wani siriri faɗa yana buga tebur. Can ya juyo ya ce, “Amarya, ke ce ’yar boko. Me wannan yake cewa?”

Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na auren mai furfura. Amma tambayar ba ta wasa ba ce. Gem ɗin na wani abokin Yaya Nura ne, ɗalibin jami’a a unguwar Kongo, wanda ya bar masa zai tafi hutu. Babanmu yana aiki a Kaduna, sai ƙarshen wata muke ganinsa, don haka Umma ta ce hukunci na Malam Babba ne: in abin yana koyar da ta’asa, a ranar zai koma inda ya fito. Yaya Nura gwanin yatsu ne, amma Turancinsa bai wuce na amsa gaisuwar malami ba. Ni ce nake iya kama rubutun da ke bi ta ƙasan hoton kafin ya wuce. Na kuwa kama shi sarai, ƙaton cewa ya yi a je a sato masa wata jar mota. Sai na ce an sace motar wata matar da mijinta ya rasu, an tura siririn ya ƙwato mata. Malam Babba ya gyaɗa kai ya ja carbinsa. Shi ke nan na zama tafinta.

In za a faɗi gaskiya, gem ɗin yana da abin yabo. Birni guda aka gina a cikinsa, da teku, da gadoji, da tituna masu faɗin da mota shida za su jera. Mu da muka tashi a lungunan Ƙofar Jatau, inda in mai kurar ruwa ya shigo sai kowa ya manne da bango, wannan faɗin kaɗai ya isa ya riƙe mu. In an yi ruwa, titi yana ƙyalli. In mota ta bugi ƙarfe, hannun gem ɗin yana rawa a tafinka. Akwai taswira a kusurwa, wadda ta koya wa ƙanena gabas da yamma tun kafin malaminsu ya kai wurin. Harbin ma an tsara shi da kyau, mai gaggawa ba ya daɗewa, sai mai haƙurin laɓewa bayan bango.

Sai dai birnin fanko ne. Yawancin ƙofofin zane ne kawai, ba sa buɗuwa. Mutanen da ke yawo a titi fuska huɗu ko biyar ce ake ta maimaitawa, ba wanda yake da gida, ba wanda ake jira. In aka buge mutum zai kwanta na ɗan lokaci, sannan ya ɓace, babu mai zuwa ɗauka balle zaman makoki. Maɓalli goma sha wani abu ne a hannun, akwai na gudu, na tsalle, na naushi, na canza bindiga, amma babu na sallama. Kowace magana, komai ƙanƙantarta, da harsashi take ƙarewa.

Wannan giɓin na shiga cikewa. Na raɗa wa siririn suna Kofur Sale, na ce ɗan sandan ciki ne da ya shiga cikin ɓarayi don ya kama su. Duk wanda ya harbe, na riga na tanadar masa laifi. Aikin ya cinye ni. In an aike ni kai niƙa, ina tafe ina tsara abin da zan faɗa gobe. Ina tsintar shinkafa ina ƙirƙiro wa Kofur uwa mara lafiya a ƙauye. Ranar da nake kai abinci gona a bayan ganuwa, nan nake samun sunayen mugaye. Ƙawayena suka gaji da leƙowa kiran carafke da ’yar gala-gala. Malam Babba kuwa kullum aka kawo wuta yana nan da buzunsa, kuma ba ya mantuwa. Sai ya ce matar nan ta samu motarta kuwa, ko ya jikin uwar Kofur. Ni kuma in ƙara wani hawa a kan ginin. Umma ta taɓa wucewa da tsintsiya ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, “Ramin ƙarya ƙurarre ne.” Na ɗauka da ƙanena take.

Akwai wani aiki nawa da nake ji da shi fiye da tafintancin. Idon Malam Babba ya yi rauni a kan ƙananan rubutu, don haka kowace safiya ni nake zuwa zaurensa in karanta masa takardar maganinsa, wanne kafin abinci, wanne bayan abinci. Yakan ce duk gidan bakina kaɗai ya yarda da shi a kan abin da zai haɗiya. Ina jin daɗin wannan magana ƙwarai.

A mako na uku muka iso inda ramin ya ƙure. Ƙaton ya nuna hoton wani tsoho mai shago, ya yi bayani a taƙaice. Na ce an tura Kofur ya yi gadin tsohon kada wani ya taɓa shi. Yaya Nura ya tuƙa har ƙofar shagon, ya ga jar alama a kan tsohon, ya gane, ya saci kallona. Sai ya tsayar da Kofur ƙiƙam yana gadi. Agogo ya ƙirga ya ƙare, jan rubutu ya fito cewa an faɗi, aka mayar da mu farko. Ya sake, ya zagaya shagon, ya nemi ƙofar baya, ya gwada tura tsohon cikin mota. Aka sake mayar da mu. Sau uku. Babban aibin gem ɗin ke nan: ya ba ka birni guda ka yi yawo, amma a wurin da zaɓi yake da amfani, hanya ɗaya tak ya bar maka.

Malam Babba ya ajiye carbi a kan buzu. Ya ce, “Cewa ya yi tsohon nan shaida ne, gobe zai shiga kotu, a tabbatar bai kai goben ba.” Sannan ya maimaita maganar da Turanci, kalma bayan kalma, wani tsohon Turanci mai tsabta da ko hedimastanmu ba ya yi. “Ko ba haka ba ne, Hauwa?” Ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba sai ranar. Na sunkuyar da kai. Ya naɗe buzunsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Labarinki ya fi nasu daɗi. Amma ba shi mutumin ya faɗa ba.”

Da la’asar, Umma tana tuƙa tuwo ina iza mata wuta, ta ba ni labarin da ba a yi a gidan. Malam Babba ya yi tafinta yana saurayi, a wata kotu da alƙalinta ba ya jin Hausa. Aka kawo wani manomi a kan tunkiya, alƙali ya tambaye shi, mutumin ya ce, “Na ɗauka...” ya tsaya jan numfashi. Malam Babba, tafinta mai rawar kai, ya riga shi, ya juya wa alƙali cewa ya ɗauki tunkiyar. Ashe mutumin so yake ya ce ya ɗauka tasa ce. Alƙalami ya riga ya rubuta, manomin ya tafi gidan yari, kuma bai fito da lafiyarsa ba. Malam Babba ya ajiye aikin, ya koma ɗinkin manyan riguna, ya rufe bakinsa da Turanci.

Bai hana gem ɗin ba, bai kuma ƙara leƙowa ba. Yaya Nura ya harbe tsohon washegari, ya wuce gaba, har ya kai ƙarshe inda siririn ya gaji kujerar ƙaton. Ba wanda ya tambaye ni me aka ce. Da safen ranar da ya harbe tsohon na je zaure kamar kullum, na tarar da Yaya Nura a durƙushe yana haɗa baƙaƙen takardar magani ɗaya bayan ɗaya, Malam Babba yana jiransa. Bayan kwanaki ya ci gaba da kirana amarya, yana ba ni alewa, yana tsokanata. Takardar dai ba ta dawo hannuna ba har ya rasu, kuma abin ya dame ni fiye da yadda na nuna.

Yanzu ɗana yana yin irin wannan gem a waya. Hoton ya fi kyau nesa ba kusa ba, kowa da fuskarsa, ƙofofi suna buɗuwa, amma har yau ban ga maɓallin sallama ba. Kwanan baya na zauna kusa da shi na ce me mutumin yake cewa. Bai ko ƙifta ba ya ce ɗan sanda ne, an tura shi ceton wata mata. Na ji kowace kalma da aka faɗa a wayar. Na gyara zama na tambaye shi sunan matar, ina so in ga ko zai daina ƙaryar da kansa. A nan na gane abin da ya zaunar da tsoho a kan buzu har mako uku. Ni na ɗauka kallo yake yi, ashe jirana yake.