Ƙwan Zabin Kaka a Cikin Kwali

A shekarar da na gama sakandare, ina zaman jiran sakamako a gidanmu na Bukan Sidi, kaina ya cika da wani labari da nake rubutawa a tsohon littafin darasi. Labarin wani zamani ne mai zuwa, inda aka ƙera injin da ke ƙyanƙyashe kowane irin ƙwai, har kaji suka rasa aikin yi suka koma zaman gulma a gindin mangwaro. Ni a lokacin gani nake babu abin da waya da lantarki ba za su iya ba. Girman kai kuwa, Allah ya ba ni shi har da na kyauta.

A wannan damina kakata ta rasu a Kwandere. Zabinta farare, waɗanda kowa ya san ta da su, aka yanka wa masu gaisuwa wasu, dangi suka raba sauran. Mama ba ta nemi komai ba sai ƙwai takwas da ta tsinto a cikin ciyawa bayan ɗakin marigayiya. Ta naɗo su a ɗankwali, ta zo ta sa wa jar kazarmu mai kwanci, don zabuwa ba ta da haƙurin zama a kan ƙwai. Kullum da safe sai ta leƙa akurki kafin ta hura wuta.

Mako uku kazar na kwance a kansu. Ranar da Mama ta tafi Doma ganin ƙanwarta na kwana biyu, sai na ce bari in gwada injin labarina. Na samo kwali, na shimfiɗa auduga, na rataya gulob ɗin lantarki a ciki don ɗumi. Na kwashe ƙwan duka takwas, kazar tana saran hannuna tana kuka. Ko biyu ban bar mata ba, wannan ne abin da har yau yake cina.

Washegari da hantsi taransifomar unguwarmu ta yi ƙara, wuta ta tafi. Ina can wajen ƙwallo. Sai la'asar na dawo, ga ruwan sama an sheƙa, na taɓa ƙwan na ji su sanyi ƙalau. Da sauri na mayar wa kazar, na ɓoye kwalin kafin Mama ta dawo.

Kazar ta karɓe su, ta ci gaba da kwanci. Lokaci ya yi, ya wuce. Ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito, Mama na ta cewa a ƙara mata kwana biyu. Ina ji, ina cin tuwona.

Daga ƙarshe Mama ta fasa guda ɗaya a gabana. Ɗan zabo ne cikakke, da baki da ƙafafu, a dunƙule. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kai, ka ga wani abu ya taɓa kazar nan da ba na nan?"

"A'a, Mama."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki kazar ta tsoma a bokitin ruwa don ta daina kwanci, tana ce mata, "Ke ma ba ki da amfani." Ranar Asabar aka kai ta kasuwa.

Labarin injin nan ban ƙarasa shi ba. Mama ta rayu shekara tara bayan haka, kuma duk sanda aka yi zancen zabin kaka, jar kazar take zagi.